TUMBIN MA'AIKACI: ARZIKI NE KO ZAUREN CIWON SUKARI?

Kwanakin baya na ɗauki yadi na kai wa telana, wanda ya shekara goma sha biyu yana yi mini ɗinki. Mutumin nan yana da wani tsohon littafi inda yakan rubuta awon duk wanda ya kawo masa aiki. Da ya zagaya igiyar awo a ƙuguna, sai ya buɗe littafin, ya duba, ya yi murmushi, ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, arziki ya zauna. Ran da ka fara zuwa nan inci 33 na rubuta, yau ga shi 40 cif. Allah ya ƙara buɗi." Na ce amin, na fito ina jin daɗi kamar wanda aka yi wa ƙarin girma a wurin aiki.

Ba a yi wata guda ba zazzaɓi ya kai ni asibiti. Likitan da ya duba ni ya ba ni magani, sa'an nan ya ƙare wa cikina kallo, ya ce in na warke sarai in komo wata rana da sassafe, kada in sa kome a baka sai ruwa. Na koma, aka ɗebi jini. Da takarda ta fito sai ya ce, "Malam, sukarin jininka 114. Ba ka da ciwon sukari tukuna, amma kana tsaye a zaurensa. In ka ga dama ka juya, in ka ga dama ka shige." Ya jawo igiyar awo irin ta tela, ya auna wurin da tela ya auna, ya sami abin da tela ya samu. Amma shi bai ce Allah ya ƙara ba.

To, jama'a, igiya ɗaya ce, awo ɗaya ne, fassara ta zama biyu. Wa ke da gaskiya, tela ko likita? Na koma gida na yi ta bincike da tambayar masana, abin da na gano kuwa shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina a taƙaice shi ne, tumbin da mu ma'aikata muke tarawa muna kiransa alamar hutu, kallon kitse muke yi wa rogo. Kuma abin da ke kawo shi ba irin abincin da muke ci kaɗai ba ne, har da yadda muke cinsa, da lokacin da muke cinsa, da hanzarin da muke yi wajen cinsa.

ZAUREN CIWON SUKARI

Bari mu fara da bayanin zauren nan da likita ya ambata. Duk abincin da muke ci mai gari, ko tuwo ne, ko shinkafa, ko burodi, ko doya, in ya narke a ciki sukari yake komawa, ya shiga jini. A cikin cikin mutum, kusa da hanta, akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fid da wani ruwa mai suna insulin. Aikin insulin kamar na ɗan dako ne a kasuwa: ya kwashi sukari daga kan hanya, watau jini, ya kai shi rumbuna, watau tsoka da hanta, inda za a yi aiki da shi ko a ajiye. Muddin ɗan dako na da ƙarfi, ƙofofin rumbu kuma na buɗewa, hanya ba ta cushewa.

In aka auna jinin mai lafiya da safe kafin ya karya, sukarinsa ba ya kai 100. In ya kai 126 ko ya zarce, aka sake awo aka tabbatar, to, ciwon sukari ya kama. Tsakanin waɗannan biyu shi ne zaure. Likitocin Amurka suna fara lissafinsa daga 100 zuwa 125, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa daga 110. Waɗansu asibitoci suna rubuta sakamako da wani ma'auni dabam, a nan zauren yana tsakanin 5.6 da 6.9, ciwon kansa kuwa daga 7.0.

Mugun halin wannan zaure shi ne ba ya ciwo. Mutum yana zuwa aiki, yana cin abincinsa, yana wasa da 'ya'yansa, bai san kome ba. Masana sun kimanta cewa cikin kowane mutum 100 da ke tsaye a nan, kamar 5 zuwa 10 suna shigewa cikin gida kowace shekara. Wanda ya shige kuwa, ya gamu da abokin zama na har abada, mai taɓa ido, da ƙoda, da zuciya, mai sa ɗan ƙaramin gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 manya miliyan 589 ke da ciwon a duniya. A lissafinta na 2021 ta ce akwai kamar miliyan 3.6 a Nijeriya, kuma fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su ma san suna da shi ba.

KITSE IRI BIYU NE

Mai karatu zai ce, to, mene ne haɗin wannan da tumbi? A 1947 wani likitan Faransa mai suna Jean Vague, wanda ke aiki a birnin Marsai, ya lura da wani abu da mutane suka daɗe suna gani ba su kula ba. Ya ce masu ƙiba ba ɗaya suke ba. Akwai wanda kitsensa ke taruwa a cinya da ɗuwawu, akwai kuma wanda nasa ke taruwa a ciki. Na biyun nan shi ciwon sukari da ciwon zuciya suka fi bi. Binciken da aka yi ta yi bayansa ya gaskata shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya san bambancin kitsen da ke ƙarƙashin fata da wanda ke lulluɓe da hanji. Haka abin yake ga ɗan Adam. Kitsen ƙarƙashin fata yakan zauna shiru. Na cikin ciki kuwa ba ya zama shiru, kullum yana tsiyayar da maiƙo cikin jijiyar da ke kai jini kai tsaye zuwa hanta. Yau da gobe hanta ta yi kitse, tsoka ma ta yi, ƙofofin rumbu su cije. Ɗan dako ya zo da kaya ya ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba sai da ƙyar. Fankiriyas ta ga haka ta ƙara turo 'yan dako, ta yi ta ƙarawa shekara da shekaru, har ta gaji. Ran da ta fara gajiya, ran nan sukari ya fara kwana a kan hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ne likitoci ba su dogara ga sikeli kaɗai. Igiyar tela ta kan faɗi abin da sikeli ya ɓoye. A tsaya a miƙe, a saki numfashi, kada a tsuke ciki, a zagaya igiya wajen cibiya, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu. In namiji ya kai santimita 94, watau inci 37, ko mace ta kai 80, watau inci 31 da rabi, to, a fara hattara. In namiji ya kai 102, watau inci 40, ko mace 88, hatsarin ya yi yawa. Wanda ba shi da igiyar awo ya sami zare, ya auna tsawonsa daga ƙasa zuwa tsakar ka, ya ninka shi biyu, ya gwada a ciki. In bakin zaren ya kasa haɗuwa, ƙugunsa ya wuce rabin tsawonsa ke nan. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki ta karɓi wannan awo na rabin tsawo a 2022.

Mu kuwa suturarmu mai rufin asiri ce. Bature in ya ƙara ƙiba, maɓallin wandonsa zai kai ƙara tun da wuri. Mazagi ba ya ƙorafi, babbar riga ba ta tona asiri. Sai mutum ya ƙara inci bakwai bai sani ba, kamar yadda ya faru gare ni.

YININ MA'AIKACI

Yanzu mu bi ma'aikaci daga safe zuwa dare, mu ga ta inda ɓarnar ke shigowa. Ba wani nake zunɗe ba, kaina nake kwatantawa, na kuwa san da yawa za su ga kansu a ciki.

Da safe ya makara, ga kai yara makaranta, ga cunkoson hanya. Sai ya fita bai karya ba, ko kuwa ya tsaya wurin mai shayi a zuba masa sukari cokali uku da madarar gwangwani, ya haɗa da burodi, ya shanye a tsaye. Ya isa ofis ya zauna, ba zai sake miƙewa ba sai salla. Wajen sha ɗaya yunwa ta taso, ya aiki masinja ya sayo fanke ko cincin da lemon kwalba. In an yi taro, a raba abinci cikin roba, shinkafa maƙil da nama da wani lemon. In ba a yi taro ba, aiki ya sha masa kai, ya wuni da goro da shayi. Da la'asar ya hau mota ko babur har ƙofar gida. Bayan magariba ya fita majalisa, a kawo tsire, a kawo balangu, a ƙara lemo. Sai wajen goma na dare ya shigo da yunwar wuni guda, a ajiye masa malmala uku, ya cinye cikin minti biyar, idonsa na kan waya ko talabijin, ya kora da ruwa, ya miƙe a gado.

A duba wannan yini da kyau. Akwai kurakurai guda biyar a ciki: tsallake abincin safe, da ciye-ciye tsakanin abinci, da shan zaƙi, da ci da sauri har a ƙoshi maƙil, da ci dab da barci. Ga kuma na shida da ya lulluɓe su duka, watau zaman wuri ɗaya.

Wani zai ce ai kakanninmu sun fi mu cin tuwo. Gaskiya ne. Amma kakanka ya ci tuwon dawa ko na gero da ba a cire masa dusa duka ba, da miyar kuka ko kuɓewa, ya ci shi bayan magariba, da asuba kuma ya saɓa fartanya ya taka ƙasa zuwa gona. Mu mun riƙe girman malmalar manomi, mun yar da fartanyarsa. Mun musanya dawa da farar shinkafa da fulawa da taliya, waɗanda ke narkewa nan da nan su tura sukari cikin jini gaba ɗaya. Cikin manomi muke ci, aikin kujera muke yi. Ina rarar za ta tafi in ba tumbi ba?

ABIN DA AKA GANO A JAFAN

Ba a ƙasarmu kaɗai ma'aikaci ke fama da wannan ba. Daga cikin ƙasashen da suka bi diddigin al'amarin akwai Jafan, inda ma'aikata suka shahara da daɗewa a ofis da cin abinci a gurguje. A 2008 wata mujallar likitoci ta Ingila ta buga binciken da masanan Jafan suka yi a kan manya 3,287. An tambayi kowa abu biyu: kana ci da sauri? Kana ci har sai ka ƙoshi maƙil? Waɗanda suka amsa da i ga tambayoyin biyu, an tarar hatsarin ƙiba gare su ya ninka na waɗanda suka ce a'a kamar sau uku.

A 2018 aka sake buga wani, wanda ya duba takardun awon lafiya na mutum 59,717 masu ciwon sukari a ƙasar. Nan ma aka ga masu ci a hankali sun fi masu sauri tsira daga ƙiba, ƙugunsu kuma ya fi ƙanƙanta. Aka ga kuma cin abincin dare ƙasa da awa biyu kafin barci, da ƙara ciye-ciye bayan abincin dare, da tsallake abincin safe, duk suna tafiya tare da ƙiba.

Lalle ne in faɗi gaskiya a nan: irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne, ba ya yanke hukuncin cewa ɗaya ne kaɗai ya haifi ɗaya. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin a fili yake. Ciki ba ya gaya wa ƙwaƙwalwa ya ƙoshi nan take, saƙon yakan ɗauki kamar minti ashirin kafin ya isa. Wanda ya gama kwanonsa cikin minti biyar, ya riga ya zuba abincin mutum biyu kafin ɗan saƙo ya iso. Game da dare kuma, an gwada an gani cewa jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe bisa ga dare. Kwano ɗaya, in an ci shi da tsakar dare, ya fi ɗaga sukarin jini bisa ga in an ci shi da hantsi. Shi ya sa masu aikin dare, irin su masu gadi da ma'aikatan jinya da direbobin dogon zango, suke bukatar kula fiye da kowa.

Wannan fa ba baƙon ilmi ba ne gare mu. Tun muna yara malamanmu ke karantar da mu a raba ciki kashi uku, a bar wa ruwa rabonsa, a bar wa numfashi nasa. Iyaye kuma sun sha tsawata mana a kan haɗama da loma kan loma. Mun girma mun sami albashi, mun mance.

ZAƘI A KWALBA

Akwai abu guda da ya cancanci a ware shi, shi ne abin sha mai zaƙi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a yini, in da hali ma a rage shi zuwa kashi 5, watau kamar ƙaramin cokalin shayi shida. To, ƙaramar kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar cokali tara, babbar roba ta rabin lita kuwa wajen goma sha uku. Wa zai iya zama ya kamfaci sukari cokali goma sha uku ya watsa a baki? Amma in an narka shi, an sanyaya, sai mu shanye mu nemi ƙari. Abin takaici kuma shi ne, zaƙin da aka sha ba ya kashe yunwa kamar wanda aka tauna, mutum zai sha ya kuma ci abincinsa cikakke.

Kada kuma a ce na kama na kanti na bar na gida. Zoɓo da kunun aya da fura da koko abubuwa ne masu kyau, amma in an ɗura musu sukari sun zama ƙannen lemon kwalba. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Niyya ce mai kyau, amma Naira 10 ba ta hana kowa sha ba. Harajin da zai yi aiki shi ne wanda mutum zai sa wa harshensa.

AMSA GA MASU MUSU

Na san akwai masu cewa, "Malam, mutane na fama da tsadar abinci, kai kana zancen ƙiba?" Amsata ita ce, yunwa gaskiya ce, ba na raina ta. Amma tumbi bai tsaya ga mai kuɗi ba. Ƙaramin ma'aikaci da ke cika cikinsa da burodi da taliya da lemo, domin su ne masu saurin samuwa, shi ma yana tara shi. In kuwa ciwo ya kama, babban ma'aikaci zai sayi magani, ƙaramin fa? Maganin sukari ba na mako guda ba ne, na kowane wata ne har ƙarshen rai. Kuɗin lemo biyu a yini in an tara, ya sayi wake da zogale da gyaɗa.

Akwai masu cewa, "Ga wane siriri kamar sanda, amma yana da ciwon sukari, ga wane da ƙaton ciki lafiyarsa lau." Wannan ma gaskiya ne. Gado yana da nasa rabo, shekaru suna da nasu, akwai kuma irin ciwon da ke kama yara da matasa wanda ba ruwansa da ƙiba. Amma don wani ya haye kogi da ambaliya ya tsira, ba ya sa mu ce kogin ba ya ci. Wanda ma ya san akwai ciwon a gidansu, shi ya fi cancanta ya riƙa auna cikinsa.

Akwai kuma masu cewa rama abin kunya ne, in magidanci ya faɗa za a ce matarsa ba ta iya girki ba, ko bashi ya yi masa yawa. Wannan tunani shi ne tushen cutar. Shi ke sa waɗansu 'yan'uwanmu mata sayen ƙwayoyin sa ƙiba ba da izinin likita ba, alhali kuwa cikinsu akwai waɗanda ke kumbura fuska da ciki, su kuma ɗaga sukarin jini. Ya kamata mu sake wa kanmu ma'aunin mutunci. Cikar kamala tana ga hali da aiki, ba ta ga faɗin riga.

ANA IYA JUYAWA DAGA ZAURE

Ga albishir. Wanda ke zaure bai shiga gida ba, kuma an gwada an tabbatar ana iya juyawa. A birnin Da Cing na ƙasar Sin, tun 1986 aka ɗauki mutum 577 da ke wannan hali, aka koya wa waɗansu gyaran abinci da motsa jiki har shekara shida, aka ga ciwon ya ragu ƙwarai a cikinsu. A Finlan aka gwada da mutum 522, sakamako ya fito a 2001. Mafi girma shi ne na Amurka, wanda aka buga a 2002, mai mutum 3,234. An raba su uku: waɗansu aka ba su ƙwayar metformin, waɗansu ƙwayar da ba magani a ciki, waɗansu kuma aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa tafiya da sauri minti 150 a mako. Masu shan magani hatsarin ya ragu da kashi 31 cikin 100. Masu gyaran ci da tafiya kuwa ya ragu da kashi 58, daidai da abin da aka samu a Finlan.

A lura da ƙanƙantar abin da aka nema. Mai kilo 90, kilo 6 da 'yan kai kawai zai sauke. Minti 150 a mako kuwa rabin awa ne a yini, kwana biyar. Ƙafa da kwano sun fi ƙwaya aiki kusan ninki biyu.

Saboda haka ga shawarata ga ɗan'uwana ma'aikaci. Ka karya kumallo a gida, a zaune, ko da koko ne marar sukari da ƙosai ko alale. Ka mai da babban cinka na rana, na dare ya zama kaɗan, ka kuma gama shi awa biyu ko uku kafin ka kwanta. In ka zauna ci, ka ajiye waya, ka ƙanƙanta loma, ka tauna, ka yi hira da iyali, ka ɗauke hannu tun kana marmarin ƙari. Ka rage malmala ka ƙara miya da ganye, ka komo ga dawa da gero da acca da wake. In kwaɗayi ya taso a ofis, ga yalo, ga gwaiba, ga gyaɗa 'yar kaɗan. Ruwa ya zama abin shanka. Ka taka zuwa masallaci ko kasuwa, ka sauka daga mota kafin ka iso, ka ɗan zagaya bayan cin abinci. In ka kai shekara 35 ko 40, ko igiya ta nuna ka wuce iyaka, ka je a auna jininka, kada ka jira sai ƙishirwa da yawan fitsari sun kai ka.

Ku kuma iyayen gida, ku ne masu riƙe da ludayi. Ƙauna ba ta cika kwano ba ce kaɗai. Wadda ta rage wa maigida mai da sukari, ta sa abincin dare ya sauka da wuri, ta taimake shi fiye da wadda ta ce sai ya cinye. Ku ma da yawanku ma'aikata ne, awon nan ya shafe ku.

KIRA GA HUKUMA

Amma ba daidai ba ne a ɗora wa ma'aikaci kaya duka, domin ofis ne ke tsara masa yininsa. A 2008 Jafan ta kafa doka cewa kowace shekara a auna lafiyar duk mai shekara 40 zuwa 74, har da faɗin ciki. Iyakarsu santimita 85 ga maza, 90 ga mata. Wanda ya wuce, yana kuma da wata alama kamar hawan jini ko na sukari, sai a haɗa shi da mai ba da shawara. Ba a cin mutum tara don ya yi tumbi, nauyin yana kan hukumomin inshorar lafiya. Sai dai wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa nasihar ɗan rage ƙiba kawai ta yi, ba mai yawa ba, kuma da shekaru suka ja ribar ta dushe. Darasin da ke nan shi ne awo da wa'azi ba su isa ba, in yanayin aiki bai sake ba.

To, ina roƙon gwamnatocinmu da shugabannin ma'aikatu da ƙungiyoyin ƙwadago abu huɗu, ba kuwa mai tsada a ciki. Na ɗaya, sau ɗaya a shekara a kawo ma'aikatan lafiya kowace ma'aikata su auna ciki da jini da sukari, a asirce, kada a mai da sakamakon abin tsokana ko dalilin hana wani girma. Na biyu, a ware rabin awa sosai don abincin rana, a kuma tanadi wurin zama mai tsabta, don kada mutum ya ci a tsaye ko ya wuni da yunwa. Na uku, a wurin taro a ajiye ruwa da 'ya'yan itace maimakon lemo da cincin. Na huɗu, masu aikin dare a sama musu abinci mai kyau da awo a kai a kai. Gwamnati ta kashe kuɗi ta horar da akawu ko malami ko injiniya shekara ashirin, sa'an nan ta rasa shi daidai lokacin da ya ƙware, saboda ciwon da igiyar tela za ta iya hangowa. Wannan hasara ce ga ƙasa, ba ga iyalinsa kaɗai ba. Rigakafi ya fi magani.

Ni dai na bi shawarar likita gwargwadon iko. Wata shida ke nan na bar lemo, na dawo da cin dare zuwa bayan magariba, ina kuma takawa da asuba. Ban ce abin da sauƙi ba, ran biki da ran taro nakan sha fama da zuciyata. Makon jiya na koma wurin tela, ya auna ya sami inci 37. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Ko wani abu ya faru a wurin aiki?" Na ce masa lafiya lau, ita ce ma na fara samu. Na karɓi igiyar daga hannunsa na ce ya tsaya in auna shi, gama shi ma wuni yake a kan keke. Ya yi dariya, amma ya tsaya.

Jama'a, kowa ya nemi igiya ko zare yau ɗin nan ya gwada. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.